Cokalin Arzika

Hannun nan na dama ya yi shekara ashirin da bakwai
yana jefa buhun albasa kan manyan motoci.
Daga Galmi har Abijan an san shi.
Wata Talata ina alwala,
buta ta kuɓuce ta faɗi,
shi ma ya bi ta ya kwanta.
Har yau bai gama tashi ba.

Likita ya ce jini ne ya hau.
Ni dai abin da na ga ya sauka, loma ce.
Daga akushi zuwa baki taƙi biyu ne kacal,
sai ga shi ya fi mini Agadas nisa.

Aka ce, Tankari, ci da hagu, lalura ce.
Liman ma ya ce babu laifi.
Na gwada.
Tuwon ya shiga, amma kamar baƙon da bai yi sallama ba.
Sai jikata Tsahara ta riƙa ba ni a baki,
tana cewa "ha",
yadda na yi mata lokacin da ba ta da haƙori.
Yarinya ce mai haƙuri.
Ni ne nake ƙoshi tun a loma ta huɗu,
alhali ciki na kuka.

Ran Lahadi, kasuwar Tawa na ci,
aka kai ni a amalanke rumfar Arzika maƙeri.
Bai ce mini sannu ba.
Wannan kaɗai ya sa na yarda da shi.
Ya kama hannun ya jujjuya kamar mai tayin akuya,
ya ce, "Ɗaga in gani.
Nan ya tsaya? To, ƙarfe za shi ƙarasa tafiyar."

Ya karya wa cokali wuya har ya waiwayo yana duban bakina.
Ya yi masa ƙota mai kauri da icen kalgo,
ya naɗe ta da robar keke,
ya ɗinka madauki na jar fata da zai zagaye tafin hannu,
saboda yatsun da suka manta riƙo.
Na farko ya yi nauyi,
ya juye mini miyar kuka cikin aljihu.
Na biyu ya soke ni a kumatu.
Na zage shi har kakansa,
ya yi dariya, ya mai da cokalin wuta.
Lahadi uku muna haka.
Da na tambayi kuɗi ya ce dala ɗari biyu:
ɗari na ƙarfe, ɗari na zagi.

Kwanon ma ya sha guduma,
gefe guda ya miƙe kamar katanga
don shinkafa ta sami inda za ta jingina.
Tsahara ta naɗa masa gammo,
kada ya riƙa yawo a kan tabarma.

Bayan azahar aka kawo shinkafa da wake, da mai da yaji.
Na ce kowa ya fita.
Ba wanda ya fita,
sun dai juya baya suna kallon tunkiya
kamar yau aka haife ta.

Bismillahi.
Hannu ya taso yana rawa,
ya tsaya a inda ya saba tsayawa,
wuyan cokali ya miƙo sauran.
Rabi ya zube, kaji suka yi godiya.
Ƙwayar wake uku ta iso,
na ƙirga su da harshe.
Yajin ya yi yawa, shi ya sa idona ya kawo ruwa,
kada wani ya ce muku wani abu daban.

Har aka kira la'asar ban gama ba.
Abincin ya huce, riga ta ɓaci,
kafaɗa na zogi kamar na loda mota guda ni kaɗai.
Tuwo har yanzu yana gardama,
Arzika ya ce in dawo da shi mu sake shawara.

Na rataye cokalin a ƙusa ɗaya da tasbaha.
Tsahara kuwa, karo na farko cikin wata tara,
ta ci nata da zafi.